Gobara a Ajin Zana: Mu Koya wa Yara Fita, Kada Mu Tsorata Su



Kowace shekara, idan kaka ta yi, sai makarantun boko su buɗe a watan Oktoba. A garuruwa da yawa na gundumomin Magarya da Dungas, daga Bande zuwa Waca, daga Dogo-Dogo zuwa Malawa, azuzuwan siminti ba su isar yara. Saboda haka iyaye ne ke taruwa su yi gayya. Wani ya kawo kara, wani ya kawo zana, wani ya kawo itace da igiya. Kafin rana ta faɗi an kafa aji, yara sun samu inuwar karatu.

Wannan aiki ne na alheri. Amma mu manoma mun san halin busasshen kara. Da shi matanmu ke hura wuta. Kuma lokacin da yara suke zaune a cikin waɗannan azuzuwa, shi ne lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kaɗawa, kome ya bushe ƙayau.

Ra'ayina a yau shi ne: kowace makaranta ta riƙa yin gwajin fita. Wato yara su koyi yadda za su bar aji cikin tsari idan gobara ta tashi. Kuma a yi wannan gwaji cikin natsuwa, ba tare da an jefa tsoro a zukatansu ba.

Abin da ya faru a ƙasarmu

Ranar 13 ga Afrilu, 2021, gobara ta tashi a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a birnin Yamai. Azuzuwan zana ne suka kama. Yara kimanin 20 suka rasu, yawancinsu ƙanana ƙwarai. Waɗanda suka ba da labari sun ce wutar ta tare wajen ƙofar makaranta, kuma babu wata mafita. Manyan yara sun haura bango. Ƙanana ba su iya ba.

Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba, 2021, irin wannan masifa ta auka wa birnin Maraɗi. Azuzuwa 3 na zana suka ƙone. Yara aƙalla 25 suka rasu, masu shekara 5 zuwa 6. An yi zaman makoki na kwana 3 a jihar. Bayan haka gwamnati ta hana a sanya yara ƙanana na ajin reno a cikin azuzuwan zana. A lokacin, hukuma ta ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan azuzuwa wajen dubu 36 a faɗin Nijar.

Maganin ƙwarai shi ne gini. Wajibi ne mu ci gaba da neman a gina wa ƴaƴanmu azuzuwa masu ƙarko. Amma gina dubban azuzuwa aikin shekaru ne, yaro kuwa gobe da safe zai tafi aji. Yamai da Maraɗi birane ne masu motocin ƴan kwana-kwana, duk da haka wuta ta riga su. To, ina ga ƙauyen da ke nesa da hanyar mota? A can, malami da yaran kansu ne za su ceci ransu. Masu magana sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shin gwajin fita rashin tawakkali ne?

Na ji dattawa suna cewa: "Wannan kiran masifa ne. Abin da Allah ya ƙaddara ba makawa." Ina girmama masu wannan magana, domin tsoron Allah ne ya sa suke faɗinta. Amma mu duba aikinmu na gona. Muna roƙon ruwa, kuma muna gyara iri, muna kai taki, muna shuka. Muna roƙon Allah ya tsare mana rumbu, kuma muna share ciyawar da ke kewaye da shi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin imani. Malamanmu na addini suna koyar da cewa dogara ga Allah yana tafiya tare da yin abin da mutum zai iya.

Wannan tambaya ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Kiristoci ma sun gamu da ita. Yawancinmu mun san makarantar mishan ta ƴan Katolika a Damagaram, inda ƴaƴan Musulmi da na Kirista suka daɗe suna karatu tare. Ga labarin wata makarantar firamare ta ƴan Katolika irinta, a birnin Shikago na ƙasar Amurka.

Ranar 1 ga Disamba, 1958, gab da tashi, wuta ta kama a ƙarƙashin matakalar benen makarantar. An yi jinkirin buga ƙararrawa. Kafin malaman da ke saman bene su ankara, baƙin hayaƙi ya cika hanyar fita. Yawancin malaman nan mata ne masu hidimar addini, masu ƙaunar yaran. Da wasunsu suka ga hanya ta toshe, sai suka rufe ƙofa, suka ce yara su yi addu'a har taimako ya zo. Wata kuma ta bi da yaranta ta cikin hayaƙi, ta saukar da su ƙasa. A ranar nan da watannin da suka biyo baya, yara 92 da malamai 3 suka rasu.

Kada mu zargi waɗannan malamai, domin zaɓi kaɗan ya rage musu. Kuma laifin ba na addu'a ba ne. Abin da aka rasa shi ne sanarwa da wuri da kuma hanya a buɗe. Bayan wannan rashi, an gyara dubban makarantu a Amurka, an ƙara ƙararrawa da ƙofofi, an ƙarfafa gwajin fita. Makarantun addini ba su daina addu'a ba. Sun haɗa ta da shiri. Abin da za mu koya wa yaro ke nan: bakinka yana ambaton Allah, ƙafarka tana tafiya wajen ƙofa.

Tsoro ma ciwo ne

Akwai wata damuwa ta biyu, kuma iyaye mata ne suka fi faɗinta: "Za ku tsorata mana yara." Wannan magana tana da gaskiya. Na gani a gidana.

Bayan gobarar Maraɗi, wani malami a makarantar garinmu ya so ya gwada yara. Niyyarsa mai kyau ce. Amma bai gaya wa kowa ba. Ana cikin karatu sai ya ƙwala ihu: "Gobara! Gobara!" Yara suka yi kan ƙofa gaba ɗaya. Manya suka ture ƙanana. Ƴata, mai shekara 6 a lokacin, ta faɗi aka taka mata hannu. Hannun ya warke cikin mako guda. Tsoron ya fi wata biyu. Ta koma fitsarin kwance, abin da ta daɗe da dainawa. Kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo. Idan uwarta ta hura wutar tuwo, sai ta ruga ɗaka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Iyaye, ku lura da waɗannan alamu ga yaro: mugun mafarki da firgita cikin dare, fitsarin kwance bayan ya daina, ciwon ciki ko ciwon kai ba tare da zazzaɓi ba, ƙin zuwa makaranta, manne wa uwa, ƙin abinci, yawan shiru ko yawan faɗa. Wannan ba lalaci ba ne, ba shagwaɓa ba ce. Bulala ba ta maganinsa, ƙara shi take yi. Ku zaunar da yaro, ku bar shi ya faɗi abin da yake tsoro. Ku gaya masa gaskiya daidai hankalinsa: "Gobara ba kullum take tashi ba. In ta tashi, ka san hanya, kuma manya suna nan." Ku yi masa addu'ar kwanciya yadda kuka saba, a lokacin da kuka saba, domin abin da yaro ya saba da shi yana kwantar masa da hankali. Amma kada a ce masa wuta horo ce ga yara marasa ji. Idan alamun suka wuce wata guda, ko suka ƙaru, a kai shi wurin likita.

Yadda gwaji mai kyau yake

Daga baya kwamitin iyaye ya zauna da darakta da limamin gari, aka sake tsari. Ga abin da muka yi, kuma kowane gari zai iya yinsa ba tare da kashe ko dala ba.

Na ɗaya, a sanar tun da wuri. Malami ya ce: "Gobe za mu koyi fita. Babu wuta, koyo ne kawai." Kada a kunna wuta, kada a yi hayaƙi, kada a yi ihu, kada a ba da labarin gawarwaki.

Na biyu, a zaɓi alama guda ɗaya, kamar usur, ko bugun ƙarfe ba tsayawa. Ta bambanta da ta shiga aji da ta tashi. Duk wanda ya fara ganin wuta, babba ko yaro, yana da izinin sanarwa. Ba sai an nemo darakta ba.

Na uku, kowane ajin zana ya zama da ƙofa biyu, ɗaya gaba, ɗaya baya, masu faɗi. Kada a ɗaure su lokacin karatu. Kada benci ko tabarma su tare hanya. In makaranta tana da shinge ko bango, shi ma ya zama da mafita biyu.

Na huɗu, a fita a jere, da sauri amma ba da gudu ba. A bar jaka, a bar allo, a bar takalmi. Malami ne na ƙarshe, bayan ya duba ƙarƙashin benci, domin ƙaramin yaro in ya tsorata ɓuya yake yi. A ba yaro gurgu ko makaho ko kurma abokin da zai kama hannunsa.

Na biyar, a zaɓi wurin taruwa nesa da azuzuwa, kamar gindin wata bishiya, ta ɓangaren da iska ke fitowa, don kada hayaƙi ya bi su. A can malami ya kira suna ɗaya bayan ɗaya. Ba mai komawa ɗauko kome.

Na shida, a rufe da godiya. A yaba wa yara, a yi gajeriyar addu'a kowa bisa addininsa, a bar su su yi tambaya, sannan a koma karatu. A maimaita sau ɗaya a wata, musamman daga Nuwamba zuwa Mayu.

A gwaji na uku, na ga ƴata tana riƙe da hannun wata ƙarama tana nuna mata ƙofar baya. Tun daga makon nan ba ta sake cewa cikinta na ciwo ba.

Makarantar allo ma tana cikin wannan magana. Almajirai suna karatun dare a gefen wuta, suna kwana a rumfunan kara. Ajin yaƙi da jahilci namu na manya ma sau da yawa na zana ne. Haka masallaci da majami'a, inda yara ke taruwa da yawa. Kowane wuri a san ƙofofinsa.

Rigakafi da taimakon farko

A bar tazara mai yawa tsakanin aji da aji, don kada wuta ta yi tsalle. A share ciyawa da shara a kewaye. Masu tuyar ƙosai da masu shayi su zauna nesa. Kada a ƙona shara ko gona kusa da makaranta. A ajiye bokitan yashi da tulun ruwa, amma kashe wuta aikin manya ne, kuma sai bayan yara sun fita.

A koya wa yaro cewa in hayaƙi ya yi yawa, ya sunkuya ƙasa, domin hayaƙi sama yake tashi. In rigarsa ta kama, kada ya gudu, gudu yana hura wuta. Ya tsaya, ya kwanta, ya rufe fuska, ya yi ta birgima a ƙasa.

In yaro ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har kamar minti 20. Kada a shafa mai, ko ƙwai, ko toka, ko kashin shanu, ko man goge baki. Kada a fasa bororo. Kada a ɓamɓare tufar da ta manne a fata. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi asibiti nan da nan. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar ita ce 18.

Kira

Ɗan'uwa mai karatu, ƴar'uwa mai karatu, yanzu da ka iya karatu, ka karanta wa maƙwabta wannan shafi. Ka je makarantar garinku ka ƙirga ƙofofin kowane aji da idonka. Ka kai maganar gaban kwamitin makaranta da ƙungiyar iyaye mata. Ka roƙi liman da mai gari su sa baki, domin in sun yi magana jama'a za su ji. Mu da muka kafa zanar da hannunmu, mu ne ya kamata mu buɗe mata ƙofa ta biyu.

Allah ya tsare mana ƴaƴanmu, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amin.