Musk Bai San Hanyar Wara Ba

'Yan uwa marubuta, a yau sai kun yi haƙuri da ni. Da Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44 a 2022, sai kowa ya zama gwanin sharhi. Da ya mayar da sunanta X, aka sake cika Facebook da fassarar abin da Turawa suka riga suka faɗa. Wannan ai dakon kayan wani ne.

A Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara, rayuka masu yawa suka salwanta. Ba a yi mako biyu ba gwamnati ta dakatar da Twitter, hira ta koma kan VPN. A Yuni aka sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. Marubutanmu nawa ne suka je suka saurari iyayen?

Za ku ce fasaha ma labari ce. Gaskiya ne. To, ku rubuta ta gida: mai kifi a Yauri da cinikinta ke tsayawa idan sabis ya ɗauke wa mai POS, ko mai cajin waya da janareta a gaɓar Kainji, madatsar da aka kammala tun 1968 don samar da lantarki.

Masu rubuta labarin Musk sun yi yawa. Na Wara fa, wa ake jira?