Shiga coci ba fita daga Hausa ba ne: batun Masihiyawan Rano da Kibiya

A wasu ƙauyukan Rano da Kibiya, kamar yadda yake a Sumaila da Tudun Wada da Rogo, akwai majami'un da ake yin sujada da Hausa zalla, tun daga waƙar buɗewa har addu'ar tashi. Waɗanda ke cika bencinan ba baƙi ba ne da suka zo neman abinci. Yawancinsu jikokin Maguzawa ne, manoman da kakanninsu suka riƙe addinin gargajiya ɗaruruwan shekaru bayan Musulunci ya kafu a birni. Rano tana cikin Hausa Bakwai, saboda haka waɗannan mutane ba su da wani gida da za a nuna musu hanyarsa.

Tarihin abin ba ɓoyayye ba ne. A 1893 'yan mishan na SIM suka fara shigowa Najeriya. Turawan mulki sun daɗe suna taka musu birki a ƙasashen sarakunan Musulmi, sai a shekarun 1930 aka ƙyale su suka soma aikin jinyar kutare, irin na Yadakunya. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka buɗe asibitin ido na Kano a 1943, sannan a 1954 majami'un da SIM ta kafa suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. Ta hanyar magani da karatu da wa'azin masu bishara 'yan ƙasa Kiristanci ya shiga gidajen Maguzawa, yayin da 'yan uwansu da dama suka karɓi Musulunci. Shi ya sa a yau za ka tarar da zuriya ɗaya, wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa coci, gonarsu kuma iyaka ɗaya.

Mutane da yawa sun ɗauka zuwa coci ranar Lahadi shi ne zama ɗan ikkilisiya. Ba haka ba ne. A majami'u irin ECWA, mai son shiga yana fara bayyana bangaskiyarsa a gaban fasto da dattawa. Daga nan sai ya shiga ajin baftisma, inda ake koya masa ginshiƙan addinin, kuma a nan tsofaffi da dama suka fara koyon karatun boko. Idan dattawa sun gamsu da amsoshinsa da halinsa, sai a yi masa baftisma ta hanyar nutsarwa cikin ruwa a gaban jama'a, a rubuta sunansa a rajista. Sai bayan haka yake cin Jibin Ubangiji, ya sa baki a taron ikkilisiya, kuma a iya sa shi ƙarƙashin horo idan ya kauce. Mace takan shiga Zumuntar Mata, wadda ke tsaya mata ranar haihuwa da ranar rashi. Katolika suna da nasu tsarin, inda ake yi wa jarirai baftisma, manya kuma su bi ta hannun katikis.

Matakin ba ƙarami ba ne ga mai ɗaukarsa. Akwai barin tsafin gida da burkutu, akwai kuma tsohuwar matsalar magidanci mai mata fiye da ɗaya, wadda ta hana wasu dattawa cikakkiyar shiga tsawon rayuwarsu. Wannan tsakaninsu ne da cocinsu. Abin da ya shafe mu duka shi ne kuɗin da al'umma ke sa su biya bayan sun shiga.

Kiristoci Hausawa, ta bakin ƙungiyoyi irin Tarayyar Masihiyawan Najeriya, sun daɗe suna kokawa a kan abubuwa sanannu: wahalar samun takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma idan sunanka Bulus ko Yohanna, wahalar samun izinin filin gina majami'a, da rashin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati. Takardar nan ita ce mabuɗin gurbin karatu da tallafi da aikin ɗamara. Wanda aka ja wa rai a kanta, an rufe wa 'ya'yansa ƙofa ne tun ba su ƙwanƙwasa ba.

Doka ba ta bar wurin gardama ba. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin canza shi, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba. Sashe na 42 ya haramta nuna bambanci saboda addini. Masarautar Rano, wadda aka sake kafawa a 2024 ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya, tana da damar nuna misali. Mai unguwa da dagaci sun san gidan kowa da kakan kowa. Idan sun shaida mutum ɗan gari ne, bai kamata wani ma'aikaci a sakatariya ya tsaya yana duban sunansa ba.

Su ma majami'u akwai nauyi a kansu. Kada a yi gaggawar sa sunan yaro ko yarinyar da ba su kai shekara 18 ba a rajista ba tare da yardar iyaye ba. Wannan ƙa'ida ta hau kan masu da'awa daidai yadda ta hau kan masu bishara, domin rikicin addini da yawa a Arewa daga irin wannan ƙofa yake shigowa. Haka kuma kada buhun shinkafa ko atamfa ko alƙawarin rijiya su zama ƙugiyar kamun mabiya a kowane ɓangare. Ƙauyen da ba shi da ruwan sha da asibiti haƙƙinsa ne gwamnati ta kai masa, ko da wace alƙibla yake kallo.

Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma mutanen waɗannan ƙauyuka sun riga sun iya shi: suna gayya tare, suna zuwa jana'izar juna, suna aika wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti. Abin da ya rage shi ne shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya su fitar da sharuɗɗan samun takardar ɗan gari a rubuce, su manna a ƙofar ofis, su kuma yi aiki da su a kan kowa.