Fitilar Taya Ba Ta Ɗauke Mana Aikin Auna Iska Ba

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa yanzu suna da motarsu, waɗansu kuwa su kan ɗauki hayar a-kori-kura don kai hatsi kasuwa da kwaso taki. Yawancin motocin nan tsofaffi ne da aka shigo da su daga Amurka ko Turai, watau tokumbo. Cikin fitilun da ke kan allon gaban direba akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa, siffarta kamar tukunya a buɗe, da alamar motsin rai a tsakiya. Fitilar iskar taya ke nan.

Direbobi sun kasu biyu a kanta. Waɗansu su kan ce fitinar Turawa ce kawai, tana kamawa ba dalili, har su liƙe ta da salatif don kada ta dame su. Waɗansu kuma su kan ce muddin ba ta kama ba, tayoyi lafiya lau, ba sai an auna ba. A ganina dukansu sun yi kuskure. Wanda ya san yadda abin nan ya ke aiki zai ga cewa mai gadi ne na gaske, amma mai gadin da ba ya ihu sai ɓarawo ya riga ya ƙetare danga.

Asalin fitilar

Motar hawa ta fari da aka sa wa irin na'urar nan ita ce Porsche 959 ta Jamus, a 1986. Motar masu kuɗi ce ƙwarai, talaka bai san da ita ba. Abin da ya kawo na'urar ga kowa haɗari ne. A ƙarshen shekarun 1990, a Amurka, tayoyin Firestone da ke kan motocin Ford Explorer suka yi ta ɓarewa ana cikin gudu, mota ta kife. Mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5. An sami laifi a wajen ƙirar tayoyin, amma ƙarancin iska da zafin hanya su ma sun ƙara wa abin muni.

Cikin shekarar nan ta 2000 majalisar Amurka ta yi dokar da a ke kira TREAD. Bisa ga dokar, daga Satumba 2007 kowace ƙaramar mota sabuwa tilas ta zo da na'urar da za ta gargaɗi direba. Ƙasashen Tarayyar Turai suka bi sahu a kan dukan sababbin motocin hawa daga Nuwamba 2014. Shi ya sa tokumbo da yawa su ke zuwa mana da ita. Amma ba kowace mota ke da ita ba. Tsohuwar roka, da tarakta, da babur, sai dai a auna da hannu.

Iri na fari: mai awo a cikin taya

Na'urar iri biyu ce. A iri na fari, cikin kowace taya akwai wani ɗan akwati wanda bai kai akwatin ashana girma ba, manne da gindin bawul, watau bakin da a ke sa iska. A cikinsa akwai ma'aunin iska, da ma'aunin zafi, da ɗan batir, da 'yar rediyo mai aika saƙo. Sa'ad da mota ke tsaye ya kan yi kamar barci don kada batir ya ƙare. Da mota ta soma tafiya sai ya farka, ya riƙa aika wa kwamfutar mota awon iskar, tare da lambarsa, domin kowane akwati da tasa lamba. Idan awon ya faɗi ƙasa da iyakar da aka sa, sai fitila ta kama.

Batirin nan a rufe ya ke, ba a canja shi shi kaɗai. Ya kan yi shekara 5 zuwa 10. To, ku lissafa da kanku: motar 2010 wadda ba a taɓa canja mata akwatunan ba, da wuya a ce har yanzu suna magana. Ga yadda za ku gane. Idan an ta da mota fitilar ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya, sa'an nan ta tsaya a kunne, na'urar ce ta lalace. Idan kuwa ta kama ta tsaya cak ba ƙyaftawa, iska ce ta ragu.

In za a sayi sabon akwati a lura, gama kamar tashoshin rediyo su ke, kowa da zangonsa. Na motocin Amurka da yawa suna aikawa a kan megahaz 315, na Turai a kan 433. Wanda bai dace ba, mota ba za ta ji shi ba. Bayan an ɗaura kuma, sai bakanike ya shigar da lambarsa cikin kwamfutar motar.

Iri na biyu: mai ƙidayar juyi

Iri na biyu ba shi da kome a cikin taya. Yana aro ne daga birkin zamani da a ke kira ABS, wanda ya ke ƙidaya juyin kowace ƙafar mota. Tayar da iskarta ta ragu ta kan ɗan ƙanƙance, saboda haka sai ta fi sauran juyawa kafin ta ci tafiya ɗaya da su. Kamar yaro ne da babba a kan hanyar gona: tilas yaro ya fi yawan taku. Da kwamfuta ta ga ƙafa ɗaya ta fi 'yan'uwanta sauri, sai ta kunna fitila.

Wannan ya fi araha, ba kuma batirin da zai mutu. Amma ba ya aiki sai mota tana tafiya. Na dā ma, idan tayoyi huɗu suka ragu tare daidai wa daida, ba ya ganewa. Kuma duk lokacin da aka ƙara iska ko aka juya tayoyi, sai an danna maɓallin da zai sa ya koyi sabon awo. A nan haɗarin ya ke. Direban da ya danna maɓallin don fitila ta mutu, alhali bai sa iska ba, ya koya wa motar cewa ƙarancin nan shi ne daidai.

Inda fitilar ta gaza

Dokar Amurka ta ce fitila ta kama idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100. Ana auna iskar taya da awon da a ke rubutawa psi, shi ne lambar da ku ke gani a gejin mai faci. Idan motarku tana bukatar 32, fitila tana iya yin shiru har sai iska ta sauko 24. Ashe taya mai 26 tana cikin wahala, direba kuwa bai ga kome ba. Ido ma ba ya nunawa, haka nan shuri da ƙafa ko ƙwanƙwasawa da ƙarfe, gama tayar zamani ta kan rasa rubu'in iskarta ba ta nuna laushi sosai ba.

Me ke faruwa da irin tayar nan? Gefenta ya kan yi ta lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kamar wayar da a ke murɗawa har ta yi zafi ta karye. A ɗora mata buhunan masara, a hau kwalta da tsakar rana cikin bazara, a ƙara gudu, zafi sai ya ci ƙarfinta ta fashe. Ko ba ta fashe ba, bakinta biyu za su cinye da wuri, birki ba zai kama da kyau ba, mai kuma zai ƙara tafiya. Duk daga asusun ƙungiya za a biya. Cika iska fiye da kima shi ma ba gwaninta ba ne: tsakiyar taya ce za ta cinye, ta kuma rage riƙon ƙasa.

Masu cewa fitilar ƙarya ta ke yi su kan kafa hujja da hunturu: da asuba ta kama, da hantsi ta mutu da kanta. Ba ƙarya ba ce. Iska ta kan tsuke da sanyi, ta buɗe da zafi. Duk saukar zafi na digiri 5 ko 6 ya kan rage wajen psi 1. A ƙasar Kano cikin Janairu, tsakanin asuba da azahar a kan sami bambancin digiri 15 ko fi, watau kusan psi 3. Tayar da wannan ɗan bambanci ya isa ya kunna mata fitila, ta riga ta kai bakin iyaka tun tuni. Iska ta ke nema.

Abin da ya kamata ƙungiya ta yi

Na ɗaya, ma'aji ya fitar da kuɗi a sayi gejin hannu mai kyau, ya zauna cikin mota. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin taya ɗaya ba.

Na biyu, a nemi awon da ya dace a jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Waɗansu motoci suna da awo biyu, na mota wofi da na cikakken lodi. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, kada a bi ta.

Na uku, a auna da safe kafin mota ta fita, ko bayan ta huta awa 3. Kada a sace iskar taya mai zafi don an ga awo ya hau. A auna aƙalla sau ɗaya a wata, gama ko ba huji taya ta kan yi asarar psi 1 ko 2 cikin wata. A kuma auna kafin kowace tafiya da lodi. Kada a manta da safaya, don yawanci ba ta da akwatin awo.

Na huɗu, kafin mai faci ya sa ƙarfe ya ɓamɓare taya, a gaya masa akwai akwati a gindin bawul. Da yawa a nan su ke karyewa, sa'an nan a sa bawul na roba a yi shiru.

Na biyar, idan fitila ta kama ana cikin tafiya, direba ya rage gudu a hankali, ya sami wuri ya tsaya, ya auna tayoyin duka huɗu.

Ina roƙon shugabanni su sa maganar nan cikin taron wata mai zuwa. A zaɓi mutum ɗaya, ban da direba, ya riƙa rubuta awon kowace taya da kwanan wata a littafin ƙungiya, kamar yadda mu ke rubuta buhunan taki. Motar nan gumin mutane da yawa ne, ranar kasuwa kuwa matanmu da 'ya'yanmu ne a cikinta. Hausawa sun ce mai kwarmin ido da wuri ya ke soma kuka. A cire salatif daga kan fitila, a kuma sayi geji tun kaka ba ta zo ba.