Korona a Arewacin Ghana: Hanya, Ɗaki da Ruwa ne Suka Raba Haɗarin

Ranar 12 ga Maris, 2020, Ghana ta sanar da mutum biyu na farko da aka samu da korona, ɗaya ya shigo daga Norway, ɗayan daga Turkiyya. Da labarin ya iso zangunan Salaga da Yendi da Bawku, mutane da yawa suka ce ai ciwon masu hawa jirgin sama ne, ina ruwan mai sayar da doya da shi. Ba a yi wata guda ba lissafin ya rushe, domin cutar da ta sauka a filin jirgin Kotoka ba ta buƙatar jirgi kafin ta kai arewa. Motar kaya ta ishe ta.

Da Shugaba Nana Akufo-Addo ya ce za a kulle Accra da Kumasi daga 30 ga Maris, 'yan matan arewa masu dakon kaya a kasuwanni, waɗanda ake kira kayaye, suka ga babu aiki, babu abinci, babu wurin kwana. Sai suka yi ta neman hanyar gida. A Ejisu jami'an tsaro suka tare motar kaya da ta nufi Walewale, aka yaye tamfol, sai ga mata da goyo a cunkushe. Wanda ya tsara dokar kulle bai tambayi kansa ina waɗannan za su sa kansu ba. Dokar da aka yi don tsare cuta ita ce ta tura talakawa cikin rufaffiyar mota, numfashi a kan numfashi, tafiyar yini da kwana.

A Bawku maganar ta fi haka tsanani. An rufe iyakokin ƙasa ranar 22 ga Maris, 2020, kuma ba a buɗe na tudu ba sai 28 ga Maris, 2022. Shekara biyu cur. Amma garin da ke da Burkina Faso a arewa ta Kulungugu, da Togo a gabas ta Pulmakom, garin da albasa da dabbobi ke ratsawa, garin da dangi ɗaya ke zaune a ƙasa uku, ba a kulle shi da sanarwar rediyo. Ƙofar hukuma, inda aƙalla ake iya auna zafin jikin matafiyi, ita aka garƙame, barauniyar hanya kuwa ta ci kasuwa, 'yan babur suka samu abin yi. Tun ƙarshen Maris aka ga alama a Tamale, inda aka samu 'yan ƙasar Gini goma ɗauke da cutar, waɗanda suka biyo ta Burkina da Togo.

Sai ɗaki. Likitoci sun yi ta maimaita cewa cutar ta fi yaɗuwa inda jama'a suka taru a wurin da iska ba ta ratsawa. Gidan zango kuwa kowa ya san shi: tsakar gida ɗaya, ɗakuna a jere, kaka da jikoki a tabarma guda, buta ɗaya tana yawo daga hannu zuwa hannu. A ce wa mai irin wannan gida ya keɓe kansa kwana goma sha huɗu, a ina?

Maganar wanke hannu ta fi ban takaici. Bokitin Veronica, mai famfo a gindi, wanda Veronica Bekoe ta ƙirƙiro, ya cika ƙofofin bankuna da ofisoshi, gwamnati kuma ta yafe kuɗin ruwa daga Afrilu zuwa Yuni. Kyauta ce mai kyau ga wanda famfonsa ke zuba. A Yendi, fadar Ya-Na, ruwan gari ya dogara ga kogin Daka, wanda ke janyewa da rani, kuma cutar ta zo ne daidai tsakiyar bazara, lokacin da mata ke sammako da jarkoki. Salaga ma, duk da tsofaffin rijiyoyinta da suka shayar da ayarin fataken goro, ta daɗe tana kukan ruwa. Matar da ta sayi jarka ɗaya don girki da alwala ba za ta zubar da ita a wanke hannu sau goma ba, kuma ba taurin kai ba ne ya hana ta.

Nan ne masu ɗora wa mutanen arewa laifin rashin jin magana suka yi kuskure. Da aka hana taruka a tsakiyar Maris, Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya goyi bayan dokar, aka rufe masallatai har cikin azumi, ba a koma jam'i ba sai farkon Yuni. Jama'a sun bi malamansu a abin da ya fi musu wuya. 'Yan siyasa ne, a kakar zaɓen 7 ga Disamba, suka tara dubban mutane a filaye, takunkumi a haɓa, sannan a Janairun 2021 alƙaluma suka yi sama.

Kamuwa daban, mutuwa daban. Waɗanda cutar ta fi kayarwa tsofaffi ne da masu hawan jini da ciwon suga, kuma a ƙauyukan Gonja da Dagbon da Kusasi akwai dattawa da yawa da ba a taɓa ɗaura musu abin awon jini a hannu ba. Gwajin kansa a farkon lamarin yana cibiyoyin bincike na Noguchi a Accra da KCCR a Kumasi, sai an yi doguwar tafiya da samfur kafin a ji sakamako. Don haka ƙarancin adadin da aka rubuta daga arewa bai isa hujjar cewa cutar ta tsallake yankin ba. Tarihi ma bai ba da wannan tabbacin ba: murar 1918 ta shigo ta bakin teku, amma ta yi mummunar ɓarna a arewa, har Alhaji Umaru na Kete-Krachi, tsohon mazaunin Salaga, ya yi mata waƙa.

Ghana ce ƙasa ta farko da ta karɓi rigakafin shirin COVAX, allura 600,000, ranar 24 ga Fabrairu, 2021, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan cutar a Mayun 2023. Sama da mutum 1,400 ne aka tabbatar sun rasu a ƙasar. Cunkoson mota da na ɗaki da ƙarancin ruwa kuwa suna nan, kuma sanƙarau, wanda ya kashe gomman mutane a yankin Upper West a 2020 ɗin, ta irin waɗannan ƙofofi yake shiga duk rani.

'Yan majalisar Salaga da Yendi da Bawku, da sarakunan zango da limamai, su ne ya kamata su matsa wa gwamnati kan abu uku: ruwan famfo da ba ya ɗaukewa da rani, ɗakin gwaji a kusa, da awon hawan jini da suga kyauta a ranakun kasuwa. A fara tun yanzu, kafin wata annobar ta biyo motar Kumasi.