Fannie Lou Hamer da ƙuri'ar da ta makara shekara 45

A shekarar 1920 aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka gyara na 19, wanda ya haramta hana mace jefa ƙuri'a saboda mace ce. Daga nan ake yawan ƙirga 'yancin zaɓen matan ƙasar, amma ga baƙaƙen matan jihohin kudu dokar a takarda ta tsaya. Harajin zaɓe, da jarrabawar karatu, da barazanar kora daga gona, su suka ci gaba da tare musu hanya har zuwa 1965.

Rayuwar Fannie Lou Hamer ta isa shaida. An haife ta a 1917 a jihar Misisipi, ita ce auta cikin 'ya'ya 20 na iyayen da ke noma auduga a gonar wani, ana raba amfani da mai gona. Tana shekara shida ta fara tsinkar auduga, kuma sai da ta kai shekara 44 kafin ta ji, a wani taro a coci, cewa baƙar fata na da ikon yin rajistar zaɓe.

Ranar 31 ga Agustan 1962 ta shiga bas da wasu mutum 17 zuwa garin Indianola don yin rajistar. Magatakarda ya miƙa mata wani sashe na tsarin mulkin jihar ya ce ta yi bayaninsa, sannan ya ce ta faɗi jarrabawa. A hanyar komawa 'yan sanda suka tare motar, suka ci tarar direba, wai launinta ya cika rawaya. Daren nan mai gonar da ta yi wa aiki shekara 18 ya ce ko ta janye sunanta ko ta kwashe kayanta. Ta tafi. Bayan 'yan kwanaki aka yi wa gidan da ta sauka ruwan harsashi. A Yunin 1963 kuma, a garin Winona, 'yan sanda suka sa fursunoni biyu suka lakaɗa mata duka da kulki, abin da ya bar ta da ciwon ƙoda da matsalar ido har ƙarshen rayuwarta.

A 1964 ita da abokan gwagwarmayarta suka kafa jam'iyyar MFDP, suka je babban taron 'yan Dimokurat a Atlantic City suna ƙalubalantar wakilan jiharsu, waɗanda duk farare ne. Tana cikin ba da labarin Winona kai tsaye a talabijin, Shugaba Lyndon Johnson ya kira taron manema labarai na gaggawa don a ɗauke kyamara daga kanta. Dabarar ba ta ci ba, domin tashoshin sun sa jawabin nata da dare. Da aka yi musu tayin kujeru biyu kacal, wasu manyan masu fafutukar 'yancin baƙar fata suka ce a karɓa, ita kuwa ta ƙi. Gaskiya na wajenta: kujerar da wani ya zaɓa wa mutum kyauta ce, ba wakilci ba. A taron 1968 ta zauna a matsayin cikakkiyar wakiliya.

Su kansu mazan fafutukar ba su tsira daga zargi ba. A gangamin Washington na 1963 babu mace ko ɗaya cikin manyan masu jawabi, alhali Ella Baker ce ta kira taron da ya haifi ƙungiyar ɗalibai ta SNCC a 1960, Septima Clark kuma ita ta yaɗa azuzuwan da ke koya wa manya karatu don su tsallake jarrabawar magatakarda.

Dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ta dakatar da jarrabawar a jihohi irin su Misisipi, inda baƙaƙen fata masu rajista suka tashi daga kusan kashi 7 cikin 100 zuwa kusan 60 a 1967. Hamer ta lura cewa mai jin yunwa ba ya iya zaɓen abin da yake so, sai ta kafa gonar haɗin gwiwa ta Freedom Farm a 1969. Ta rasu a 1977. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta soke sashen dokar da ke fayyace jihohin da dole su nemi amincewar gwamnatin tarayya kafin su sauya ƙa'idojin zaɓe, kuma Misisipi na cikinsu.