HALƘAR ZAƘAƘURAN ƊALIBAI A JAMI'O'INMU: GADON DA MUKA SAKE

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan wata muna so mu ja hankalinku zuwa ga wata asara da muke tafkawa kowace shekara ba tare da mun ji zafinta ba, wato asarar zaƙaƙuran ɗalibanmu a jami'o'i da manyan makarantu. Da yawa daga cikinmu mun zauna a irin ɗakin karatun nan da ɗalibai ɗaruruwa suke cika shi maƙil, wasu a zaune, wasu a tsaye jikin taga, malami yana can gaba yana karanto takarda, muryarsa ba ta isa ko rabin ɗakin. Idan jarrabawa ta zo, sai kowa ya haddace takardun da ake kira handawut, ya amayar da su a kan takardar amsa, ya manta da su tun kafin ya isa ƙofar fita. A cikin wannan taro lalle akwai yaro ko yarinya da Allah Ya ba wa kaifin basira irin wadda ake samun mujtahidi ko babban likita daga gare ta, amma zai shiga ya fita shekara huɗu babu malami ɗaya da ya san sunansa, balle ya taɓa jin tambayarsa. Wannan ita ce asarar da muke nufi.

Maganin da muke kira gare shi shi ne a buɗe darussa na musamman, da ƙananan halƙoƙin nazari, domin ɗaliban da suka nuna ƙwazo da himma, ƙari a kan karatun da kowa yake samu. Wasu za su ce wannan tsari ne na Turawa. Gaskiya ne a wannan zamani su suka tsara shi suka ba shi suna. A Jamus ne irin zaman nan da ake kira semina ya bunƙasa, inda malami irin Leopold von Ranke a Jami'ar Balin, cikin ƙarni na 19, yake tara ɗalibai kaɗan su binciki takardun tarihi na asali da kansu. Jami'ar Johns Hopkins da aka buɗe a Amurka a 1876 ta ɗauki wannan hanya. Daga baya, a 1922, Frank Aydelotte, shugaban Kwalejin Swarthmore, wanda ya yi karatu a Oxford ta Ingila, ya buɗe tsarin karatun zaƙaƙurai a kwalejinsa: ɗalibin da aka zaɓa yakan kwashe shekaru biyun ƙarshe yana halartar ƙananan halƙoƙi, yana rubutu yana kare abin da ya rubuta, sannan a ƙarshe malamai daga wasu jami'o'i su zo su jarraba shi. Hujjarsa ita ce, karantar da kowa da gudu ɗaya zalunci ne ga mai saurin fahimta. Tsarin ya yaɗu har aka kafa masa majalisa ta ƙasa baki ɗaya a Amurka a 1966.

To amma alal haƙiƙa, wanda ya san tarihin ilimi a Musulunci ba zai ga baƙon abu a nan ba. Alƙur'ani Mai girma, a aya ta 122 cikin Suratut Tauba, ya yi nuni da cewa ba kowa ne zai fita gaba ɗaya ba, sai dai a ware wani ɓangare daga kowace jama'a domin su zurfafa a fahimtar addini, su dawo su gargaɗi mutanensu. Manzon Allah (S.A.W.) ya zaɓi Zaidu bn Sabit (R.A.), yana matashi, ya umurce shi da ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa ƙware cikin 'yan kwanaki, kuma shi ne daga bisani Sayyidina Abubakar (R.A.) ya ɗora wa nauyin tattara Alƙur'ani. Imamul Bukhari ya ruwaito yadda Sayyidina Umar (R.A.) yake shigar da Abdullahi bn Abbas (R.A.) majalisar dattawan Badar yana yaro, har wasunsu suka nuna rashin jin daɗi, suna ganin su ma suna da 'ya'ya sa'o'insa. Umar bai yi musu da su ba. Ya tambaye su ma'anar Suratun Nasr, kowa ya faɗi abin da ya fahimta, sannan ya tambayi yaron, shi kuwa ya ce sanarwa ce ta kusantowar wafatin Manzon Allah (S.A.W.), Umar ya tabbatar da hakan. Ku duba, 'yan'uwa: an zaɓi yaro saboda fahimtarsa, an zaunar da shi cikin manya, kuma da aka yi ƙorafi an kare zaɓen da jarrabawa a bainar jama'a.

Haka magabata suka ci gaba. Majalisin Imamu Abu Hanifa a Kufa wuri ne da ake jefa mas'ala a tsakiya, manyan ɗalibai irin su Abu Yusuf da Zufar da Muhammadu bn Hasan ash-Shaibani su yi ta muhawara a kanta, kowa ya kawo hujjarsa, kafin a tsayar da magana a rubuta. Malaman tarihi sun ambaci yadda Muhammadu bn Hasan ya keɓe wa Asad bn Furat, baƙon ɗalibi daga Ƙairawan, darasi na shi kaɗai da daddare, saboda ya ga karatun taro da rana bai wadatar da shi ba. Mudawwana kanta, wadda take gishiƙin mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, ta samu ne daga tambayoyin da ɗalibi ya yi ta yi wa malami, wato Sahnun da Ibnul Ƙasim a Masar. Da a ce an hana ɗalibi tambaya, da babu Mudawwana. A makarantun Nizamiyya, irin ta Bagadaza da aka buɗe a 1067, akwai matsayin mu'idi, wato ɗalibin da ya yi fice wanda yake maimaita wa na ƙasa da shi darasin shehi, akwai kuma munazara, inda ake horar da ɗalibi ya tsayar da hujja ya kuma karɓi gyara.

A nan ƙasar Hausa ma haka abin yake. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya yi masa rahama, yana da wa'azin da yake yi wa jama'a baki ɗaya da harshen da suke ji, yana kuma da karatun manyan littattafai da yake yi wa almajiran da suka yi nisa. Daga wannan zaure na Degel aka sami Shehu Abdullahi da Muhammadu Bello, kuma daga gidan ne aka sami Nana Asma'u, wadda ita ma ta zaɓi mata masu fahimta, jajis, ta horar da su, suka shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan taru. Shehu Abdullahi ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, yana lissafa malaman da ya yi karatu a gabansu da abin da ya karanta wurin kowanne. Yau ɗalibinmu nawa ne zai iya ambaton littafi ɗaya tak da ya sauke daga farko zuwa ƙarshe a gaban wani malaminsa na jami'a?

Abin da ya fi damunmu a wannan lamari shi ne, mu da muke kira dare da rana a bar makauniyar biyayya a koma ga dalili, mun bari ana tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan wani sabon taƙalidi, wato taƙalidin handawut. Ɗalibin da aka saba masa da cewa gaskiya ita ce abin da malam ya buga ya sayar, ba zai iya bambance ingantaccen hadisi da ƙagagge ba idan ya gamu da su a wayarsa, ba kuma zai iya tunkarar shubuhar mulhidi ko ta mai wuce iyaka ba. Mun ga yadda ƙarancin fahimta haɗe da zafin kai ya jawo wa Arewa maso Gabas musiba tun daga 2009. Yaro mai basira da ba a ba shi malami mai zama da shi ba, ba zai daina tunani ba, sai dai ya je ya nemi wanda zai saurare shi a wani wuri, kuma ba mu da iko a kan wanda zai samu.

Mun san akwai ƙorafe-ƙorafe, kuma wasunsu suna da nauyi. Na farko, za a ce a ƙasar da yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, maganar darasi na musamman ai ƙawa ce, a fara gyara na kowa tukuna. Muna tare da masu kiran a gyara na kowa. Sai dai masu gyaran daga ina za su fito? Malamin jami'a na gobe yana cikin ɗaliban yau, kuma idan ba a rene shi ba, handawut ɗin da ya haddace shi zai sayar wa na bayansa. Bugu da ƙari, halƙa ba ta bukatar sabon gini. Malami ɗaya, ɗalibai goma zuwa goma sha biyar, littafi, da sa'a biyu a mako, ko a ƙarƙashin bishiya ne.

Na biyu, za a ce tsarin zai koma na 'ya'yan manya da 'yan lelen malamai. Wannan tsoro gaskiya ne, domin mun san halinmu. Amma muna da misali a gida. Makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Jihar Kano ta buɗe a 1977 sun ɗauki yara ta hanyar jarrabawa, kuma 'ya'yan manoma da masu ƙananan sana'o'i da yawa sun bi ta nan suka zama likitoci da injiniyoyi. Abin da ya yiwu a sakandare zai yiwu a jami'a, matuƙar an rufe ƙofar alfarma. Ɗan mai kuɗi yana da hanyar zuwa Masar ko Malesiya ko Ingila. Ɗan talaka mai basira ne ba shi da kowa sai irin wannan tsari.

Na uku, za a ce fifita wasu ɗalibai zai haifar da girman kai da riya. Wannan cuta ce da kowane mai neman ilimi yake fuskanta, kuma ba a maganinta da jahilci. A ganinmu halƙa ma ita ce take karya girman kai, domin wanda yake na ɗaya a cikin ɗari biyar yana jin babu kamarsa, amma ranar da ya karanta abin da ya rubuta a gaban tsararsa goma suka warware masa hujjarsa ɗaya bayan ɗaya, ranar zai san iyakarsa.

Saboda haka muna gabatar da waɗannan shawarwari ga hukumomin jami'o'i da malamai da shugabannin ƙungiyoyinmu.

Na ɗaya: sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022 ya tsayar da kashi 70 cikin ɗari na darussa, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. Muna kira ga majalisun jami'o'inmu su yi amfani da wani yanki na wannan dama su shigar da halƙar zaƙaƙurai a matsayin darasi mai maki, daga aji biyu zuwa na ƙarshe.

Na biyu: shiga ta kasance ta hanyar jarrabawar rubutu da lamba maimakon suna, sannan ganawa da kwamitin malamai. A sake buɗe ƙofa kowace shekara domin wanda basirarsa ta makara wajen bayyana, kuma wanda ya yi sakaci a sallame shi, ko ɗan wane ne.

Na uku: a karanta littattafai na asali, a bar taƙaitawar taƙaitawa. Ɗalibin shari'a ya zauna da Muwaɗɗa da Bidayatul Mujtahid ta Ibn Rushd, inda zai ga sabubban saɓanin malamai, ya koyi ladabin saɓani. Ɗalibin tarihi da na siyasa su karanta Muƙaddimar Ibn Khaldun da Liya'ul Hukkam na Shehu Abdullahi. Kada kuma a taƙaita abin ga sashen addini da Larabci, domin likitanci da aikin gona da injiniyanci farillai ne na kifaya, kuma al'ummar da ba ta da ƙwararru a cikinsu tana da laifi gaba ɗayanta.

Na huɗu: kowane ɗalibi ya rubuta, ya karanta a gaban 'yan'uwansa, ya amsa tambaya, kuma a ƙarshe malami daga wata jami'a ya jarraba shi, domin kada malami ya zama shi ne mai shuka shi ne mai awo.

Na biyar: a ba 'yan'uwa mata cikakken rabonsu, cikin tsarin da ya dace da shari'a. Muna kukan rashin likitoci mata a asibitocinmu, bai kamata mu bar masu basirar cikinsu su ɓace a cikin taro ba.

Na shida: a farfaɗo da matsayin mu'idi. Duk wanda aka zaɓa ya ɗauki nauyin maimaita darasi ga 'yan ajin farko sau ɗaya a mako. Ta haka alherin zai koma ga kowa, kuma zaɓaɓɓen zai gane cewa amana aka ɗora masa.

Na bakwai: masu hali su kafa waƙafi domin littattafai da ɗan alawus na malaman da za su ba da lokacinsu. Tun 1986 ake gudanar da musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa ƙarƙashin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, muna raba wa gwaraza kyaututtuka, kuma wannan abin yabo ne. Amma bayan an tashi daga taro, wa yake bin sawun mahaddacin nan ya ga ya sami malamin tafsiri da usulu? Kuɗin mota ɗaya ta kyauta zai iya riƙe halƙa guda na tsawon lokaci.

Idan kuwa hukumomi suka yi jinkiri, to kada mu zauna jiransu. Kowace jami'a tana da masallaci, kuma a cikinmu akwai malaman jami'a da waɗanda suka yi karatu a Madina da Azhar da Sayi ta Nijar. Kowannenmu ya nemi ɗalibai goma, ya tsayar da rana, ya buɗe littafi ɗaya, ya daure har a sauke shi. Za a tambaye mu ranar ƙiyama game da iliminmu da abin da muka yi da shi, kuma yaran nan masu basira suna cikin amanar da ke wuyanmu.

Muna roƙon Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya shiryar da zuriyarmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya.