Ipnoz ba tsafi ba ce, ba kuma maganin komi ba

Dattawa da dama in sun ji ipnoz sai su ce tsafi ne. Matasa kuwa wasan ban dariya suka ɗauke ta. Duka sun yi kuskure: dabara ce ta tattara hankalin mutum wuri guda da magana. Tun 1992 likitocin Liyej, a Beljik, ke haɗa ta da allurar kashe zafi wajen tiyata. Rahoton cibiyar Inserm na 2015 ya ga amfaninta a nan, amma bai samu isasshiyar hujja kan barin taba ba.

Ƴan uwa mazauna Faransa, ku kula: can kowa na iya kiran kansa gwanin ipnoz. Kafin ku biya, ku tambaya ko likita ne.